Na Ƙarasa wa Bature Littafinsa

Alhamis, 9 ga Oktoba 2008, bayan sallar asuba

Yau ma ba zan je aji ba. Balki, wadda muke ɗaki ɗaya da ita a makaranta a nan China, ta ce za ta faɗa wa malami zazzaɓi nake yi. Ta faɗi duk abin da ta ga dama.

Tun ranar Talata ba wanda ya ga Yaya Suleiman. To, na rubuta, tunda bakina ya ƙi faɗa. Bizarsa ta ƙare tun kafin azumi, kuma ba wanda bai san haka ba a gidan Hajiya Fasuma, 'yar Maraɗin nan mai masaukin baƙi a bayan benen kasuwar Tianxiu, inda Hajiyoyin Nijar da na Kano suke sauka in sun zo saro kaya. Shekarunsa nawa yana mata ɗaurin kaya da tafinta. Ta san satin nan ana tare mutanenmu a unguwar Xiaobei ana duba takardu. Ga Sinawa biyu masu yi mata dako zaune a falo suna shan shayi, amma shi ta aika ƙasa ya karɓo kwali a hannun direba, da rana tsaka, da silifas ɗin banɗaki a ƙafarsa. Kwalin ya hau sama, shi bai hau ba.

Ranar sallah ya gaya mata in an tashi daga bajekolin Pazhou zai buɗe nasa masaukin. A gabana aka yi. Ta yi dariya har haƙorin Makkanta ya fito, ta ce Allah ya sa albarka. Ruwa ba ya tsami banza.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Na zaga ofisoshi har ƙafata ta yi bororo. Ko'ina amsa ɗaya ce, meyo, wato babu. Babu mai wannan suna, babu wanda aka kawo, babu wanda zan gani. Ba takarda a jikinsa lokacin da aka tafi da shi, Allah kaɗai ya san yadda suka rubuta sunan.

Na biya ta gidan na kwaso jakarsa da fasfonsa. Hajiya ta tare ni a ƙofa da hawaye shaɓe-shaɓe. “Ɗiyata Hafsah, wallahi mantuwa ce. Suleiman ɗana ne, ni za ni cuce shi?” Na ce mata sannu da aiki, Hajiya. Ban san ina da irin wannan muryar ba.

Umma ta bugo daga Kano. Na ce mata ya tafi garin Yiwu sayen kaya, wayarsa ce ta lalace.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan magariba

Na je karatun Asabar. Balki ta ce ba ni da hankali. Ni kuwa so nake in zauna in ga fuskar matar nan.

Abin ya samo asali ne daga wani tsohon littafin Turanci da na tsinta a rumfar gwanjon littattafai kusa da makaranta, na wani Bature na zamanin da Ingila take tafiya da keken doki da fitilar gas. Wata Asabar ina karantawa a falon Hajiya ina jiran Yaya, sai baƙinta suka ce in faɗa musu abin da ya sa nake zare ido. Tun daga nan duk Asabar bayan la'asar, suna ɓare kwalaye suna cusa kaya a buhu suna naɗe shi da salatif, ni kuma ina karantawa ina juya musu da Hausa. Sunayen Turawan sun gagare su, sai suka raɗa musu nasu. Akwai Maraya, wani matashin akawu a garin bakin teku, wanda ya fita wata rana bai dawo ba, aka tsinci hularsa a kogi. Akwai Likita, akwai Mai Gemu abokin cinikinsa, dukansu abin zargi. Sai wata tsohuwa da yake haya a gidanta, Uwar Masauki, wadda ba ta da wani aiki a littafin sai dafa shayi da share hawaye.

Yau da na zo inda aka tsinci hular, sai na dubi falon. Ba wadda ta ɗago kai. Hajiya tana jan carbi.

Da na dawo ɗaki na kasa haƙuri, na tsallake zuwa ƙarshe in ga wa ya kashe Maraya. Babu ƙarshe. Labarin ya tsaya cak a tsakiyar shafi, Likita ya ɗora hannu a kan wata ƙofa zai buɗe. A ƙasa masu ɗab'i sun sa 'yan layuka cewa marubucin ya rasu a daidai nan, bai gaya wa kowa yadda zai ƙare ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, da azahar

Ko a littafi ma an hana ni sanin wanda ya yi.

Laraba, 15 ga Oktoba, da hantsi

Haushin mamacin nan nake ji kamar na san shi. Ka tara mutane, ka ɓatar da yaron kirki, ka jera masu laifi, sannan ka kwanta ka mutu abinka. An ce fiye da shekara ɗari masana suna ta gardama a kan wanda ya yi kisan. Malaman banza. Su da ba su taɓa rasa kowa ba, ina za su gane?

Ni na gane. Wa ya san lokacin fitarsa da shigarsa? Wa yake riƙe da makullin ƙofa? Wa ya fi kowa kuka? Baturen nan da gangan ya ɓoye tsohuwar a bayan butar shayi, mutuwa ce kawai ta yi masa shigar sauri.

Hajiya Fasuma ta aiko min da dambu da kilishin Maraɗi. Na ba maigadin hostel, ya yi ta shiye-shiye, wato godiya da yarensu, yana murna.

Hajiyoyin nan ba wadda take karanta Turanci. Ba wadda ta san littafin bai ƙare ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan magariba

Gidan cike yake maƙil saboda bajekoli, har a falo ake shimfiɗa katifa. Hajiya Habsatou ta Yamai ta iso, wadda in ta ji magana da safe a nan, kafin la'asar an ji ta a babbar kasuwar garinsu. Allah ne ya kawo min ita.

Na riƙe littafin a buɗe, ina juya shafi yadda na saba, amma rabin abin da na faɗa daga cikina ya fito. Na ɗaura wa Uwar Masauki tarin makullai a ƙugu, masu ƙara in tana tafiya. Na sa tana kiran Maraya “ɗana, ɗana”. Na sa Maraya ya gaya mata ya samu wani gida zai tashi, ita kuma ta yi dariya ta sa masa albarka. A nan na tsaya, na ce sai mako mai zuwa za mu ji ƙarshe.

Hajiya Habsatou ta ajiye almakashi ta ce, “Ke ɗiyar nan, tsohuwar ga ban yarda da ita ba. Mai yawan ɗana-ɗana, a bincike ta.” Aka yi dariya. Hajiya Fasuma ma ta yi, ta miƙe za ta kawo shayi, makullanta suka yi ƙara a ƙugunta. Dariyar ta ɗan rage.

Na sha shayin. Ya yi daɗi ƙwarai.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da rana

Balki ta ɗauki littafin a kan gadona ta duba. Ita Turancinta ya fi nawa.

“Hafsah, ina makullai a nan? Ina inda ya ce zai tashi?”

Na ce fassara ce, ba a bin ta kalma da kalma.

“Littafin ma bai ƙare ba. Me za ki gaya musu ranar Asabar?”

Na ce abin da marubucin zai faɗa da Allah ya ba shi kwana.

Ta ce in ji tsoron Allah, ban ga Hajiya ta kira kowa ba, ban ji ba, zato ne kawai. Ta ce magana zarar bunu ce. Na ce ai ni ban ambaci sunan kowa ba, labarin Turawa ne da suka mutu tun kafin a haifi kakata. In wani ya ga kansa a ciki, shi ya sani. Na ce mata yayanta yana Zariya yana cin tuwo, nawa ban san ko ya ci wani abu yau ba. Ta fita da bokitin wanki.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Meyo. Meyo. Wata mata a wani ofis ta ce in dawo da wanda ya fi ni jin yarensu. Wanda ya fi ni jin yarensu ai shi nake nema.

An fara sanyin safe. Da riga mai gajeren hannu ya fita.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan isha'i

Na yi.

Falon ba wurin sa ƙafa, har da matan da ba a gidan suka sauka ba, an gaya musu yau za a ji wanda ya kashe Maraya. Na karanta ɗan abin da ya rage na gaskiya, har zuwa inda Likita ya ɗora hannu a kan ƙofa. Daga nan farar takarda ce a gabana. Na ci gaba da bin ta da yatsa.

Na ce Likita ya buɗe ƙofar, ashe ɗakin girkin tsohuwar ne, ya same ta tana ƙona rigar Maraya a murhu. Na ce ya tsare ta da tambaya har ta amsa. Ba da hannunta ta kashe shi ba, a'a, ita ai mai carbi ce. Ta san daren da miyagu suke tsare gadar kogi, ta san akwai ƙarti biyu a gidanta da za ta iya aika, amma ta dubi yaron da ya yi mata bauta shekara da shekaru ta ce, “Ɗana, sauka ka karɓo min saƙo.” Dalili kuwa, ta gwammace kogi ya ci shi da ya buɗe gida kusa da nata ya kwashe mata baƙi. Na ce da aka tsinci hular, ita ta fi kowa kuka.

Ban dubi Hajiya Fasuma ba ko sau ɗaya. Ba sai na duba ba, duk falon ita suke kallo. Ƙarar salatif ma ta tsaya.

Da ta zauna ta daure, wataƙila da abin ya wuce a matsayin labari. Haka habaici yake a wurinmu, wanda ya motsa shi ya amsa. Sai ta miƙe. Ta ce, “Bari in duba tukunya,” muryarta kamar ba tata ba, ta shige kicin.

Hajiya Habsatou ta tafa hannu ta riƙe haɓa. “Ikon Allah! Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.”

Wata ta tambaye ni me aka yi wa tsohuwar a ƙarshe. Ban shirya wannan ba, amma ya zo min nan take. Na ce ba a kai ta kotu ba. Baƙinta ne suka watse ɗaya bayan ɗaya, ta zauna ita kaɗai da makullanta. Na rufe littafin na ce nan Bature ya tsaya.

Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye wa takarda ba, daɗin har cikin ƙashina.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Na yi barci har rana ta fito. Rabona da haka tun ranar Talatar.

Laraba, 29 ga Oktoba, bayan la'asar

Hajiyoyin Yamai sun kwashe akwatunansu sun koma wani otal a unguwar Sanyuanli. Na Kano sun bi su jiya. Ba wadda ta ce wa Hajiya Fasuma komai, kowa da uzurinsa, wannan ta ce hawan bene yana damun gwiwarta, waccan ta ce kusa da kasuwar takalma take so. Masu zuwa mako mai zuwa ma an ce sun bugo sun fasa.

Hajiya ta kira ni a waya. Na bar ta tana ƙara har ta gaji.

Asabar, 1 ga Nuwamba, da la'asar

Ba karatu yau, littafi ya ƙare. Hajiya Habsatou ta tashi daga filin jirgin Baiyun da kayanta da labarina.

Na ɗauka zan ci gaba da jin daɗin nan. Yana nan, amma ya zama kamar tuwon jiya, sai an ɗumama. In na ji yana hucewa sai in tuna silifas ɗin.

Hajiya Fasuma ta sake kira.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Umma ta bugo tana kuka, ban taɓa jin ta haka ba. Mata sun cika mata gida sun zo ta'aziyya. Wata 'yar Kantin Kwari ta ji daga wata 'yar Maraɗi cewa Hajiya Fasuma ta sa an kashe Suleiman a China an jefa shi a kogi, har an tsinci hularsa, kuma ƙanwarsa ce ta faɗa da bakinta a gaban jama'a.

Yaya ko hula ba ya sawa sai ranar Juma'a.

Na rantse mata yana raye. Ta ce, “Kin gan shi?” Na ce a'a. Ta ce, “Kin ji muryarsa?” Na ce a'a. Ta ce to da me nake rantsuwa, kuma ina Yiwu ɗin da na ce ya tafi? Dole na gaya mata abin da ya faru. Hawan jininta ya tashi, an kai ta asibiti an dawo.

Wannan ma a wuyan matar nan yake. Da ba ta aike shi ba, da ba a zo nan ba. Na faɗa wa Balki haka. Na sake faɗa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da magariba

Balki ta biya ta gidan, ba da sanina ba. Ta ce ta samu Hajiya ita kaɗai a falo, katifu jingine a bango, ta rame. An ce har a Maraɗi an je wa 'ya'yanta da maganar, kuma ba za ta iya riƙe gida ba baƙi ba.

“Ta ce ki zo don Allah kafin ta ba da makulli, akwai abin da ya kamata ki sani game da gidan. Ta ce ko ba za ki gaishe ta ba…”

Na katse ta. Na ce in tana son zamanmu a ɗaki ɗaya ya ɗore, kada ta ƙara kawo min saƙon matar nan, ko rabin kalma. Na san me take so. So take in zo ta yi min kuka, in je in ce wa mutane ƙarya na yi. Ta sha zamanta.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da rana

Hajiya Fasuma ta tafi. An ga an sa mata akwatuna a tasi da safe, ba mai rakiya. Yadda na faɗa a labarin, haka ya faru, ban kuskure ko ɗaya ba.

Na shiga aji yau. Ban ji abin da aka koyar ba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Wani mutum ya bugo min daga Damagaram, ya ce sunansa Barmo, a wurin Hajiya Habsatou ya samu lambata. Shi ma takardunsa ne suka ƙare, an tsare shi, makon jiya aka sa shi a jirgi zuwa gida.

Ya ga Yaya. Ɗaki ɗaya suka zauna.

Yana raye. Yana raye. Na zauna a ƙasa a tsakiyar titin makaranta, ɗalibai suna kewaye ni da kekuna.

Ya ce yana tari, amma yana cin abinci. Na ce ina ne wurin? Ya ce wallahi bai sani ba, a rufaffiyar mota aka kai su, tafiya mai nisa, kuma shi ba ya karanta rubutunsu. Ya ce ba za su sallami Yaya ba sai wani ya kai fasfonsa da tikitin jirgi. Fasfon da yake ƙarƙashin matashina.

Na ce to me ya hana shi nemana? Ya ce an karɓe wayoyinsu tun ranar farko, lambobi duk suna ciki. Sai wanda ya daɗe ake ba shi izinin kira, ranar Juma'a da safe, ɗan lokaci kaɗan, ma'aikacin wurin ya karɓa ya yi wa mutum kwatance. Layin Yaya zai zo wannan Juma'ar mai zuwa. “Lamba guda ya hardace, ta wayar gidan Hajiya Fasuma, don shi ka ba baƙi ita kullum. Kowa can ciki ita yake kira, Malama. Ni ma Hajiya ta ɗauka, ita ta kai mini nawa fasfo. Ki ce mata ta zamna kusa da waya.”

Na tambaye shi ko Yaya ya faɗi wanda ya sa aka kama shi. Ya ce bai taɓa jin ya ta da maganar ba. Na sake tambaya. Ya ce katinsa zai ƙare.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da magariba

Lambar salular Hajiya ta nan a kashe. Balki ta samo ta 'yarta a Maraɗi, aka ɗauka, na faɗi sunana, aka ajiye.

Gidan a kulle, ƙofar ƙarfe a waje, ta katako a ciki. Maigadin benen ya ce makulli yana wurin lawban, mai gidan, shi kuwa ya tafi ƙauyensu biki sai wani makon. Na roƙe shi, na yi masa kuka da yarensu da nawa. Meyo. Na nemo mai gyaran makulli, ya ce ba ya taɓa ƙofa sai da mai gida, maigadin kuma ya nuna min wayarsa ya ce in na matsa zai kira 'yan sanda. Ya ce ƙarshen wata za a yanke layin wayar gidan.

Balki ba ta ce min “na gaya miki” ba. Da ta faɗa da ya fi min sauƙi.

Har yanzu ina cewa ita ce. Ita ce ta aike shi. Ita ce.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da hantsi

A kan matakalar bene nake rubutu, jingine da ƙofar ƙarfen. Tun da gari ya waye nake nan, fasfonsa a cikin jakata.

Wayar ta yi ƙara ɗazu. Tana kan ɗan teburin nan na bayan ƙofa, ko taku uku ba za a yi ba daga inda nake. Na zura hannu ta tsakanin ƙarafan har kafaɗa, katako kawai nake taɓawa. Na buga, na jijjiga, maƙwabciya ta leƙo ta koma. Na sa bakina a jikin ƙofar na ce, “Yaya, ga ni. Ga ni nan, Yaya.” Ta yi ta yi har ta tsaya.

Ta sake farawa.